Malam Abdullahin Gwandu: Mawaƙin da Ya Kira Mamatan Yaƙi da Sunayensu

A wannan makon mun ɗauko muku tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu. An haife shi wajen shekarar 1766, ya yi karatu a gaban wansa da wasu malamai har ya ƙware a Larabci da fikihu da tafsiri da waƙa.

Da jihadi ya ɓarke a 1804, yana cikin jagororin Jama'a a Tabkin Kwatto, inda aka ci nasara a kan Gobir. Amma a ƙarshen shekarar, lokacin da aka yi wa Jama'a mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, yana jinyar harbin kibiya a ƙafa. Labari ne ya iske shi. An ruwaito cewa mutum kusan 2,000 suka rasu, ciki har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. A 1805 aka sake yin babban rashi a Alwasa.

To, me mawaƙi zai ce game da mutuwar da bai gani da idonsa ba? Malam Abdullahi bai tsaya kan adadi ba. A waƙoƙinsa na Larabci ya ambaci abokansa da sunayensu, da iliminsu da halayensu, da wuraren da suka faɗi. Ya kuma koka da cewa mutanen kirki sun tafi, an bar shi cikin masu neman mulki da dukiya.

Wannan baƙin ciki ne ya sa ya bar gida a 1807 da niyyar tafiya ƙasa mai tsarki. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki da adalci. Daga baya ya koma, ya riƙi yammacin daula daga Gwandu. A 1813 ya tattara waƙoƙinsa a littafin Tazyinul Waraƙati. Ya rasu a 1829.

'Yan'uwa ɗalibai, mu ma a Karaye da Rogo daga nesa muke jin labarin kashe-kashe, a rediyo ko a waya, kuma yawanci lamba kawai ake faɗa mana. Duk wanda zai kawo wa wannan allo waƙa kan yaƙi, ya tuna kowane mamaci yana da suna da uwa da abokai.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya ba mu zaman lafiya.