Muhammadu Bello Mai Wurno: Ɗan Sarkin Musulmi da ya kafa gari a bakin Nilu

Kudu da birnin Sennar na ƙasar Sudan, ba da nisa da garin Suki ba, akwai garin Mai Wurno a bakin kogin Blue Nile. Garin ya ci sunan wanda ya kafa shi ne, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, jinin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya yi kiran hijira zuwa gabas. Turawa suka bi shi har Burmi, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yulin 1903. Ragowar jama'arsa suka koma hannun ɗansa.

Mai Wurno bai juya baya ba. Ya ja muhajirai ta ƙasar Chadi da Darfur, har suka sauka ƙauyen Sheikh Talha a wajajen 1906. Daga nan ya haye kogi ya sari garinsa. Turawan da ke mulkin Sudan suka amince da sarautarsa.

Garin ya zama masaukin Fulani da Hausawa da Barebari, musamman maniyyatan da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka. Mutanen Sudan suka haɗa su duka a suna ɗaya, Fallata. Da aka kammala madatsar ruwan Sennar a 1925, guminsu ya taimaka ƙwarai wajen raya gonakin audugar Gezira.

Ya rasu a 1944. Shekara huɗu bayan haka aka yi dokar da ta ɗaura zama ɗan Sudan a kan zaman kakanni a ƙasar tun ƙarshen 1897, abin da ya bar yawancin mutanensa a waje, tun da bayan wannan lokaci suka iso.

Tambayar wane ne ɗan ƙasa ta sake tasowa a rikicin jihar Blue Nile na Yulin 2022, wanda ya ci rayukan Hausawa da maƙwabtansu. Garin da Mai Wurno ya bari kuwa ya haura shekara 100 a bakin Nilu, kuma har yau zuriyarsa ke riƙe da sarautarsa.