Pandita Ramabai, Uwar Matan da Aka Wulakanta

'Yan'uwa, ya kamata mu tuna da waɗanda suka riga mu aiki. Ɗaya daga cikinsu mace ce 'yar ƙasar Indiya, sunanta Ramabai. Ƙasarta da nisa ta ke daga Zangon Kumasi, amma kukan da ta share irin wanda mu kan ji ne da dare ta bayan katanga.

An haife ta a shekara ta 1858. Ubanta malamin addinin Hindu ne. Ya kuwa yi abin da ba a saba ba, ya koya wa matarsa karatu, ita kuma ta koya wa 'yarta. Yunwa ta kashe iyayen tun Ramabai tana budurwa. Ita da wanta suka yi ta yawo a ƙafa, har suka kai birnin Kalkata a 1878. Can manyan malamai suka gwada saninta, suka sa mata suna Pandita, wato malama. Wanta ya rasu a 1880. Ta yi aure a shekaran nan, amma a 1882 kwalara ta ɗauke mijin, ya bar ta da jaririya, Manorama.

A zamanin nan a kan aurar da yara mata tun ba su san kansu ba. In mijin ya mutu, sai a aske kan yarinyar, a ce ita ce ta jawo mutuwar, a hana ta sake aure. Dangin miji su kan mai da ita baiwa, ga duka, ga yunwa. Wadda ta gudu kuwa, miyagun maza su lalata ta, kunyar kuma a kanta a ke ɗorawa.

A 1883 Ramabai ta tafi Ingila neman ilimi. Waɗansu mata masu bi suka kai ta wani gida a Landan, inda a ke karɓan matan da duniya ta yar. Ta yi mamaki ƙwarai, ta tambayi dalili. Aka karanta mata labarin Yesu da Basamariya a bakin rijiya, cikin Yohanna sura 4. A shekaran nan aka yi mata baftisma.

Ba a rana ɗaya ta zama shugaba ba. Ta tafi Amurka a 1886, ta yi ta ba da labarin gwaurayen ƙasarta, tana neman taimako. A 1889 ta buɗe gida a Bambai da 'yan makaranta 2 kaɗai, daga baya ta mai da shi birnin Puna. A 1893 manyan mutanen da ke goyon bayanta suka janye, gama sun ce tana jan yaran zuwa bin Almasihu, aka kuma kwashe waɗansu yaran. Duk da haka ba ta rufe ƙofa ba.

Da babbar yunwa ta faɗo a 1896, sai ta fita da kanta, tana tsinto 'yan mata kafin masu fataucin mata su riga ta. Ta kai su gonarta a Kedgaon, ta sa wa wurin suna Mukti, wato ceto. A 1899 ta gina wani sashe, Gidan Alheri, domin matan da aka lalata. Wajen 1900 masu zama a Mukti sun fi 1,500. Ta koya musu saƙa da noma da buga littattafai. Sa'ad da wata yunwa ta zo, waɗanda aka tsinto dā suna cikin masu fita ceton waɗansu. Ta juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Marati. 'Yarta ta rasu a 1921, ita kuma ta bi ta ran 5 ga Afrilu, 1922.

To, mu fa? A Zango ma akwai matar da a ke duka a ce mata ta yi haƙuri, akwai 'yar dako a kasuwar Kejetia da ke kwana a rumfa ba mai tsaronta. Gana ta kafa sashen 'yan sanda domin mata da yara a 1998, ta kuma yi dokar hana cin zali cikin gida a 2007. Amma doka ba ta buɗe ƙofa da tsakar dare, maƙwabci ne ke buɗewa. In irin wannan ta zo gare mu, mu saurare ta, kada mu kunyata ta. Mu kai ta asibiti, mu raka ta wurin hukuma, kada mu mai da ita hannun wanda ya cuce ta domin rufin asiri. Ramabai da yara 2 ta fara. Ubangiji ya ba mu zuciyar karɓan ta fari.