Charles White: Likitan Manchester da ya bi diddigin kumburin ƙafar mai jego

Daga gidana a Longsight zuwa asibitin St Mary's ko a ƙafa ba nisa, kuma can aka haifi yawancin yaran unguwarmu. Na daɗe ina wucewa ta wurin ban san wanda ya kafa shi ba, sai kwanan baya da na bincika. Ashe wani likita ne, Charles White.

An haife shi a Manchester a 1728, mahaifinsa ma likita ne. Ya yi karatu a Landan wajen William Hunter, malamin da ya yi fice kan siraran jijiyoyin da ke kwashe ruwan da ya taru a tsokar jiki su mayar da shi cikin jini. A kan hanyarsu kaluluwa take, shi ya sa in ka ji ciwo a yatsan ƙafa sai matsematsinka ya kumbura. Masu binciken yau sun gano cewa idan wuri ya ruru, jijiyoyin nan har sabbin rassa suke fitarwa don su janye ruwan. In kuwa suka toshe, ƙafa ta yi ta hawa, kamar yadda muka sani a tundurmi.

A 1752, shi da wani attajiri Joseph Bancroft suka buɗe ɗan asibiti mai gado 12, wanda ya zama Manchester Royal Infirmary. A 1773 ya fitar da littafi kan kula da masu ciki da masu jego, inda ya dage kan tsafta, da barin iska ta shiga ɗaki, da tayar da mai jego zaune da wuri. A lokacin zazzaɓin bayan haihuwa yana ta ɗibar mata, kuma ba wanda ya san ƙwayoyin cuta ne sanadi.

A 1784 ya yi rubutu kan ƙafar da ke kumbura bayan haihuwa. Shi a ganinsa kan jariri ne ke danne waɗancan jijiyoyin ruwa yayin naƙuda. Nan ya kuskure. Bayan rasuwarsa aka tabbatar gudan jini ne ke toshe babbar jijiyar ƙafa. A 1790 ya bar Infirmary ya buɗe asibitin haihuwa, wanda ya koma St Mary's.

Sai dai ba zan ɓoye muku ba, a 1799 ya wallafa littafin da ya jera 'yan Adam hawa-hawa, ya sa baƙar fata a ƙasa. Da na karanta wannan raina ya ɓaci, don mu yake nufi. Ilimi ya ƙaryata shi, ga shi yau jikokin waɗanda ya raina suna aikin likita da jinya a asibitocin garinsa. Ya makance a ƙarshen rayuwarsa, ya mutu a Sale a 1813.

To 'yan uwa, na nan da na gida: idan ƙafar mai jego guda ɗaya ta kumbura tana zafi, kada a ce wankan jego ko tausa zai sauke ta. Gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu. A kai ta asibiti a ranar. Allah ya raya mana zuri'a.