Lalita Pawar, Uwar Mijin Finafinan Indiya

'Yan uwa mata, duk wadda ta taso da kallon fim ɗin Indiya ta san tsohuwar nan mai kanne ido ɗaya, muguwar uwar miji da ke hana matar ɗanta sakat. Sunanta Lalita Pawar. An haife ta a 1916 a yankin Nashik, ta shiga fim tana yarinya, tun finafinai ba su da murya. Kyakkyawa ce, har ta kai ana ba ta jaruma.

A 1942 ana ɗaukar wani fim, abokin wasanta Bhagwan Dada ya mare ta kamar yadda labarin ya tsara, sai hannu ya zarce. Jijiyar idonta na hagu ta fashe, gefen fuskar ya shanye. Shekara uku tana jinya. Da ta tashi, ba mai neman ta a jaruma kuma.

To, ba ta naɗe hannu ba. Idon da ya karya mata kasuwa shi ta mayar jari, ta koma fitowa a uwa da uwar miji. A Shree 420 na 1955 ta fito mai sayar da ayaba, ga faɗa ga tausayi, sak wata 'yar layinmu. Anari na 1959 ya jawo mata kyautar Filmfare.

Ta yi fim sama da 700. Ciwon daji ya kashe ta a Pune a 1998. Har yau idon nan ake tunawa.