Alhaji Mamman Shata Katsina (1923 – 1999)

Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa daga Gwarzo zuwa Kano, ko ya zauna a teburin mai shayi a Kabo, da wuya a ce bai ji muryar Alhaji Mamman Shata ba. Kusan maƙwabcinmu ne ma, domin Musawa, inda aka haife shi a shekarar 1923, ba ta da nisa da mu, tana can ƙetaren iyaka cikin Jihar Katsina.

Mahaifinsa, Malam Ibrahim Yaro, Bafulatani ne, kuma bai so ɗansa ya yi waƙa ba ko kaɗan. A wancan zamani ana ɗaukar waƙa roƙo ce, roƙo kuwa gado ne. Wanda bai gada ba idan ya shiga, ya zubar da mutuncin gidansu ke nan. Saboda haka Mamman ya fara da tallan goro da alewa. Amma da dare ya yi sai dandali, inda yake yi wa samari da 'yan mata waƙa don nishaɗi kawai. Daga baya waƙar ta rinjayi tallan.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda yake aikinsa. Shata bai yi karatun boko ba, ba ya kuma rubuta waƙa. Da makaɗan kalangu sun ɗauki kiɗa, sai ya ba 'yan amshi abin da za su riƙe, shi kuwa ya yi ta zuba baitoci nan take, yana duban jama'ar da ke gabansa. Mu da muke shafe makonni muna bitar waƙa guda kafin ranar rabon kyaututtuka, mun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa waƙa ɗaya takan fito da sabuwar kama duk lokacin da ya sake rera ta.

Ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi waƙa. Ya ƙarfafa sojoji a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, har kumbon Amurka, Apollo 11, da ya kai mutum duniyar wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. A Bakandamiya kuwa kansa ya wasa. Ba za mu ɓoye ba, zambonsa yana da zafi, kuma waƙarsa ta shan giya ta ɓata wa dattawa da yawa rai.

A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dakta, a kan sana'ar nan da mahaifinsa ya yi gudun ta. Ya rasu a Kano ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka binne shi a can.