Ellen Demorest, Matar Da Ta Sauƙaƙa Wa Mata Yankan Tufafi

Duk wadda ta taɓa shimfiɗa sabon yadi a tabarma ta ɗauki almakashi ta san faɗuwar gaban da ke zuwa kafin a fara yanka. Ɗinki idan ya karkace ana iya farke shi a sake. Yanka kuwa idan ya ɓaci ya ɓaci ke nan, kuɗin yadi sun tafi, ga maigida yana jira ya ga abin da aka yi da su. Yau mun kawo muku tarihin wata Ba'amurkiya wadda ta shafe rayuwarta tana neman maganin wannan fargaba, ta kuwa samu arziki da suna a kansa.

An haifi Ellen Louise Curtis ran 15 ga Nuwamba 1824 a wani ɗan gari mai suna Schuylerville, cikin jihar Niyok ta ƙasar Amurka. Ita ce ta biyu cikin 'ya'ya takwas. Ubanta yana da ma'aikatar yin huluna, saboda haka tun tana ƙarama ta saba ganin yadda ake awo da yanka. Da ta kai shekara 18 sai uban ya taimaka mata da jari ta buɗe kantin hulunan mata a Saratoga Springs, garin da masu hali ke zuwa hutu su baje kolin adonsu. A nan ta koyi abin da idon mace ke so. Ciniki ya yi kyau, ta koma Troy, daga can kuma ta gangara birnin Niyok.

Ba ta yi aure da wuri ba. Sai a 1858, tana da shekara 33, ta auri William Jennings Demorest, wani ɗan kasuwa wanda matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyu. Ita ma ta haifa masa biyu, namiji da mace.

Don a gane darajar aikinta, sai mun duba yadda tufafin matan Turawa suke a wancan zamani. Rigar ba irin wadda za a ninka yadi a fitar da wuya a ɗinke gefe ba ce. Gunduwa-gunduwa ake yanka ta, gaba daban, baya daban, hannu daban, sa'an nan a harhaɗa ta kama ƙirji da ƙugu cif, ƙasa kuwa ta buɗe ta ci yadi mai yawa. Matar attajiri sai ta kira gwanar ɗinki ta auna ta. Matar talaka fa? Sai ta farke tsohuwar rigarta, ta shimfiɗa guntayen a kan sabon yadi ta bi gefensu da almakashi. Watau ko yayi ya wuce, ko jiki ya ƙaru, fasalin bara shi za a maimaita bana. Keken ɗinki ya riga ya fito, don Isaac Singer ya yi rajistar nasa tun 1851, kuma ya fara shiga gidaje. Amma keke ɗinki yake yi, ba ya yanka. Sanin yanka yana nan a hannun teloli, ba sa kuwa ba da shi kyauta.

Ana ba da labari cewa lokacin da suke zaune a Filadalfiya, Ellen da 'yar'uwarta Kate suna ta ƙoƙarin tsara wata hanya mai sauƙi ta awon riga, sai wata rana Ellen ta ga 'yar aikin gidanta, baƙar fata, tana yanka fasalin riga a jikin takardar ƙunshi kafin ta taɓa yadi. Daga nan dabara ta faɗo mata. Masu ba da labarin 'yar aiki kawai suke kiran wannan baiwar Allah, alhali a ganina ta cancanci kaso mai kyau na yabon.

Abin da Ellen ta ƙara shi ne ta mai da dabarar sana'a. Ta zaɓi takarda shara-shara marar nauyi, wadda za a jera da yawa a yanka gaba ɗaya. Kowane ɓangare na riga yana da samfurinsa na takarda daidai girman da za a yanka. Babu rubutu a jiki, sai 'yan ƙananan huji da tsaga a baki masu nuna inda wannan zai haɗu da wancan. Mace sai ta shimfiɗa yadinta, ta ɗora takardar, ta kafe ta da fil, ta bi gefe ta yanka. Saboda rashin nauyin takardar, ana ninke ta a sa cikin ambulan a aika ta gidan waya har ƙauyen da ba a taɓa ganin babban tela ba, a kan kuɗi ƙalilan.

A 1860 suka buɗe babban kanti a titin Broadway na Niyok da sunan Madam Demorest. A shekarar nan kuma suka fara buga wata mujalla mai suna Mirror of Fashions, watau madubin ado, sau huɗu a shekara, da hotunan riguna da samfur a ciki. Mijin shi ke kula da talla da ɗab'i, ita kuwa da Kate su ke lura da abin da ake yayi a Faris da Landan, su sauƙaƙa shi yadda matar gida za ta iya ɗinkawa. A 1864 mujallar ta koma fitowa wata-wata, wata shahararriyar 'yar jarida Jane Croly tana cikin masu shirya ta.

Sai dai akwai wata matsala da kowace mai ɗinki za ta hango. Allah bai halicci mata da awo ɗaya ba. Samfuran farko girma ɗaya ake yin su, na matsakaiciyar mace, siririya ta rage, mai jiki ta ƙara, kuma a wurin ragi da ƙarin nan ne yadi ke salwanta. Kantin Madam Demorest yana da magani iri biyu. Suna sayar da wani allon awo wanda mace za ta zana samfurin kanta da shi, kuma wadda ta aiko da awon jikinta ana iya yanka mata nata na musamman. Amma wanda ya warware matsalar ga jama'a duka wani tela ne a jihar Massachusetts, Ebenezer Butterick. A 1863 ya fara sayar da samfur girma-girma, daga ƙarami har babba. Da kayan maza da yara ya fara, a 1866 ya shiga na mata. Su Ellen sai daga baya suka bi sahu.

Duk da haka kasuwarta ta bunƙasa ƙwarai. A 1876, shekarar da Amurka ta yi bikin cika shekara 100 da samun mulkin kai, ta baje kayanta a babban nunin da aka yi a Filadalfiya, kuma a shekarar an sayar da samfuranta miliyan 3. Tana da wakilai wajen 1,500 masu sayar mata, yawancinsu mata.

Wani halinta ya fi cinikin burge ni. Ta ɗauki mata fiye da 200 aiki, farare da baƙaƙe, ta zaunar da su ɗaki ɗaya, albashi ɗaya. Ku tuna fa, ba a hana bauta a Amurka ba sai 1865, bayan yaƙin basasa. Wasu matan masu kuɗi sun nuna ƙyamar haka, ita kuwa ta nuna musu ƙofa a buɗe take, su tafi wani kantin. Ba ƙaramin abu ba ne 'yar kasuwa ta yarda ta rasa mai saye saboda ma'aikaciya.

Har ila yau tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mata masu sana'a da ilmi mai suna Sorosis a 1868, tare da Jane Croly. Ta riƙe ma'ajin wata kwalejin koya wa mata aikin likita a Niyok. A 1872 ita da wata attajira, Susan King, suka kafa kamfanin shigo da ganyen shayi don mata su sami abin sayarwa su riƙe kansu.

Inda aka yi sakaci shi ne rajista. Mijinta ya yi wa wasu ƙananan ƙirƙire-ƙirƙirensa rajista a wurin hukuma, amma samfurin takarda, wanda shi ne uwar dukiyar, aka bar shi haka nan. Saboda haka babu dokar da ta hana kowa shiga. Butterick ya yi ƙarfi, wani tela ɗan Sikotlan, James McCall, ya kafa nasa kamfani a 1870, wasu ma suka biyo baya. Kasuwa ta cika, cinikin Madam Demorest ya riƙa ja da baya, shi kuma William hankalinsa ya koma kan yaƙi da shan giya da siyasar da ke tattare da shi. A 1887 suka sayar da sashen samfur ɗin, Ellen ta huta da kasuwanci.

Mijin ya rasu a 1895. Ita kuwa ta yi fama da shanyewar jiki a ƙarshen kwanakinta, ta rasu a birnin Niyok ran 10 ga Agusta 1898, tana da shekara 73.