GEORGE BRIDGETOWER, GWANIN GOGEN DA AKA CIRE SUNANSA DAGA KAN KIƊA

A nan Suleja, kamar sauran garuruwan Hausa, in yaro ya ce goge zai koya, da wuya ubansa ya sa masa albarka, don mutanenmu sun ɗauki goge kayan 'yan bori ne da 'yan duniya. A Turai kuwa ba haka abin ya ke ba. Gogensu mai tsirkiya huɗu ne, a kafaɗa a ke ɗora shi a danne da haɓa, har a fadar sarakuna a ke kaɗa shi. Yau za mu kawo wa masu karatu tarihin wani ɗan baƙar fata wanda ya gwanance da gogen nan, watau George Bridgetower.

An haife shi a shekarar 1778 a wani gari wai shi Biala, cikin ƙasar Folan. Uwarsa Baturiya ce, ubansa kuwa baƙin mutum ne, bara a gidan wani basarake mai suna Esterhazy, inda mashahurin mawallafin kiɗan nan Haydn ya ke shugaban makaɗa. Uban nan ɗan duniya ne na gaske. Da ya ga yaron yana da hannu, sai ya shiga yawo da shi gari gari, yana sa manyan riguna irin na Turkawa, yana gaya wa Turawa shi ɗan sarki ne daga Afirka.

Cikin watan Afrilu 1789 yaron ya yi wasa a gaban taro a birnin Faris, yana da shekara goma. Kafin shekarar ta fita sun ƙetare zuwa Ingila, ya yi wasa a garin Bath, mutane suka yi ta mamaki. A 1791 Yariman Ingila, wanda daga baya ya zama Sarki George na Huɗu, ya karɓe shi daga hannun uban, ya sa aka ci gaba da koya masa, ya kuma sa shi cikin makaɗansa. Kun ga ashe Turawa ma sun san makaɗin fada da ubangidansa.

A 1802 ya ɗauki izini ya tafi Dresden ta ƙasar Jamus gano uwarsa. Daga can ya zarce Viyana, babban birnin Ostiriya, a farkon 1803, aka haɗa shi da Ludwig van Beethoven. Don masu karatu su gane daɗewar abin, wannan shekara ɗaya ke nan kafin a fara jihadin Shehu Usmanu, wanda ya fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya ya yiwo nan wajen Zuba.

Lokacin Beethoven yana da shekara 32, kunnensa ya riga ya fara nauyi, Bridgetower kuwa 24. Jininsu ya haɗu nan da nan, har Beethoven ya yarda zai rubuta sabon kiɗa su yi tare. Irin kiɗan nan Turawa na kiransa sonata, ba waƙa a ciki, mutum biyu ne rak, ɗaya da goge ɗaya da fiyano. Kafin nan yawanci mai fiyano shi ne gaba, mai goge ɗan amshi ne kurum. A wannan kuwa sai Beethoven ya daidaita su, wannan ya ja wancan ya mayar, kamar 'yan kokawa biyu da ba wanda ya fi wani ƙarfi, har wajen minti 40.

Ranar 24 ga Mayu 1803 aka sa za a yi wasan da safe, a wani lambu mai suna Augarten, ga shi kuwa rubutun bai kammala ba. Su Turawa a rubuce su ke ajiye kiɗa, makaɗi yana duba takarda yana kaɗawa. Da ƙarfe huɗu da rabi na asuba Beethoven ya ta da almajirinsa Ferdinand Ries don ya kwafe rabon mai goge na kashin farko. Kashi na uku ma daga wani kiɗa da ya rubuta tun bara ya ɗauko shi. Na biyu kuwa ba a sami damar kwafewa ba sam, sai Bridgetower ya tsaya yana leƙen takardar Beethoven ta bisa kafaɗarsa, alhali kowa ya san rubutun mutumin nan kamar tafiyar kaza ya ke. Duk da haka wasa ya yi kyau, har 'yan kallo suka sa aka maimaita wannan kashin. A kan takardar asali, wadda ke ajiye a birnin Bonn, Beethoven ya rubuta sunan abokin nasa, haɗe da barkwanci a kan launin fatarsa.

Amma zumuncin bai yi nisa ba. Bisa ga abin da Bridgetower da kansa ya faɗa bayan ya tsufa, a kan wata mace suka ɓata. Da aka buga kiɗan a 1805 sai ga sunan wani daban a kai, watau Rodolphe Kreutzer, babban malamin goge a makarantar kiɗa ta Faris. Ni dai a ganina ba fushi kaɗai ba ne. A lokacin Beethoven yana da niyyar komawa Faris da zama, sunan babban mutum na can kuwa zai fi buɗe masa ƙofa bisa ga na baran Yariman Ingila. Abin haushin shi ne Kreutzer bai so kiɗan ba, bai kuwa taɓa kaɗa shi a gaban jama'a ba har ya mutu a 1831. Amma har yau duk inda aka kaɗa shi a duniya, da sunan Kreutzer a ke kiransa. Marubucin nan na Rasha ma, Tolstoy, da ya rubuta wani labari a 1889 wanda kiɗan ya fito a ciki, sunan Kreutzer ya sa wa littafin.

Bridgetower ya koma Ingila ya ci gaba da sana'arsa. Ya sami digiri na kiɗa a Jami'ar Cambridge a 1811, yana kuma cikin makaɗan ƙungiyar Philharmonic ta Landan da aka kafa a 1813. Ya yi aure a 1816. Daga nan sai sunansa ya riƙa dusashewa, ya yi shekaru yana zaune a Rum da Faris.

Ya rasu ran 29 ga Fabrairu 1860 a unguwar Peckham ta Landan, yana da shekara 81, aka binne shi a maƙabartar Kensal Green. An sha cewa cikin talauci ya mutu, amma ya bar dukiya ta kimanin fam 1,000 ga 'yar'uwar matarsa. Akwai wani ɗan ƙarfe mai baki biyu, irin wanda makaɗa kan buga su daidaita sautin tsirkiya, da Beethoven ya ba shi tun suna shiri. Yana nan ajiye a babban ɗakin littattafai na ƙasar Ingila da ke Landan.